Latbiya a Kan Ƙanƙara: Shekara 90 Kafin Lambar Tagulla

Ana dab da tsakar daren Lahadi, 28 ga Mayun 2023, 'yan majalisar dokokin Latbiya suka yi zaman gaggawa a birnin Riga, da yawansu sanye da rigar 'yan wasan ƙasar mai launin ja mai duhu. Zaman bai daɗe ba. Suka kaɗa ƙuri'a cewa gobe Litinin hutu ne a duk faɗin ƙasa. Dalili kuwa, sa'o'i kaɗan kafin nan, a birnin Tampere na Finlan, 'yan wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara na Latbiya sun doke Amurka da ci 4 da 3, sun ɗauki lambar tagulla a gasar duniya. Mutane da dama sai da gari ya waye suna shirin fita aiki suka ji labarin hutun. Kafin yamma, dubban jama'a sun cika dandalin Hasumiyar 'Yanci da ke tsakiyar Riga suna jiran isowar 'yan wasan.

Wanda bai san ƙasar ba zai ga kamar murnar ta yi yawa a kan matsayi na uku. Latbiya ƙasa ce a gaɓar Tekun Baltik, tsakanin Istoniya da Lituweniya, ga Rasha ta gabas. Mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, wato ba su kai mazauna birnin Kano yawa ba. Kanada, inda wannan wasa ya samo asali, tana da 'yan wasa masu rajista fiye da rabin miliyan. Latbiya 'yan dubbai ne da ita. Kuma ta yi kusan rabin ƙarni babu sunanta a taswirar wasanni, domin an haɗiye ta cikin Tarayyar Sobiyet.

Shi wasan, wanda ake kira hoki, ana buga shi ne a kan daskararren ruwa, 'yan wasa sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa. Kowane ɓangare mutum shida ne, har da mai tsaron raga. Ƙwallon wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, nauyinsa kimanin giram 170, kuma idan gwani ya maka masa sanda gudunsa kan wuce kilomita 150 a sa'a. Zagaye uku ake yi, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kimanin minti ɗaya a fili sai ya fita wani ya shigo, ba tare da an tsayar da wasa ba. A nan ne ƙaramar ƙasa ke shan wuya. Ƙasa irin Kanada tana da jeri huɗu na 'yan gaba, kowanne cike da gwanaye. Ƙaramar ƙasa ta yi sa'a idan ta haɗa biyu. Idan gajiya ta kama su, harbi sai ya yi ta sauka a kan mutum guda. Shi ya sa tarihin hokin Latbiya, in aka bi shi a tsanake, yawancinsa tarihin masu tsaron raga ne.

Latbiya ta samu 'yancin kai a 1918. Ta shiga hukumar hoki ta duniya, IIHF, a 1931, kuma a watan Fabrairun 1932 ta buga wasanta na farko da wata ƙasa, inda ta ci Lituweniya 3 da nema a Riga. A 1933 ta je gasar duniya a Prague, a 1936 kuma ta halarci wasannin Olimfik na hunturu a Garmisch-Partenkirchen da ke Jamus, inda Kanada ta zura mata 11 ba ko ɗaya. A wancan zamani a waje ake wasa, kan ƙanƙarar da sanyi ya daskarar, saboda haka kakar wasa tana hannun yanayi. Gasar duniya ta 1939 ita ce ta ƙarshe da tsohuwar Latbiya ta halarta.

A 1940 sojojin Sobiyet suka mamaye ƙasar. Jamus ta ƙwace ta a 1941, Sobiyet ta dawo a 1944. A watan Yunin 1941 an kwashe mutane kimanin 15,000 zuwa Saberiya da wasu yankuna masu nisa, a watan Maris na 1949 kuma an kwashe fiye da 40,000. An hana ɗaga tutar ƙasar. Ƙungiyar ƙasa ta gushe tare da ƙasar.

Amma sabbin masu mulki suna da wata buƙata. Har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, abin da Rashawa suka fi sani shi ne wani ɗan'uwan hoki da ake bugawa da ƙwallo mai zagaye a faffaɗan fili. Da Mosko ta yanke shawarar rungumar hoki irin na Kanada a 1946, 'yan Riga suna cikin ƙalilan da suka riga suka san dokokinsa da kayansa. A shekarar aka kafa Dinamo Riga, kuma ta buga gasar Sobiyet ta farko. Mai tsaron ragarta, wani saurayi mai suna Harijs Mellups, ya yi fice har aka ɗauke shi zuwa ƙungiyar sojojin sama ta Mosko, wadda Vasily, ɗan Stalin, ke riƙe da ita. A watan Janairun 1950 jirgin da ke ɗauke da ƙungiyar ya faɗi kusa da Sverdlovsk cikin guguwar dusar ƙanƙara. Mellups ya mutu yana ɗan shekara 22, tare da ɗan ƙasarsu Roberts Sulmanis. Hukuma ta rufe labarin, aka haɗa sabuwar ƙungiya aka ci gaba da gasa.

Daga nan Dinamo Riga ta yi ta sauka har ta kai mataki na uku. A 1968 aka kawo mata wani koci daga Mosko, Viktor Tikhonov, mutum mai tsananin horo wanda daga baya ya jagoranci ƙungiyar Sobiyet baki ɗaya. A Riga ya gwada dabarar jujjuya jeri huɗu na 'yan wasa domin ƙungiya mai ƙarancin taurari ta riƙe gudu har ƙarshen wasa. Ya mayar da Dinamo babban mataki, kuma a kakar 1976 zuwa 1977 ta zo ta huɗu. A 1970 an buɗe babban zauren wasanni na Riga mai rufi, wanda ya zama wurin da ɗan Latbiya zai iya ihu da harshensa, yana goyon bayan garinsu a kan ƙungiyoyin Mosko, ba tare da an kira shi ɗan tawaye ba. A 1988, ƙarƙashin koci Vladimir Yurzinov, Dinamo ta kai wasan ƙarshe na gasar Sobiyet, ta sha kashi a hannun CSKA, ƙungiyar soja, ta ɗauki azurfa.

Tauraron wancan zamani shi ne Helmuts Balderis, haifaffen Riga a 1952, wanda saboda gudunsa ake masa laƙabi da jirgin ƙasa mai lantarki. Ya zura ƙwallo 333 a gasar Sobiyet, an zaɓe shi gwarzon ɗan wasan tarayyar a 1977, kuma ya ci kofin duniya sau uku, a 1978 da 1979 da 1983. Yana cikin ƙungiyar da ɗaliban Amurka suka ba mamaki a Olimfik na Lake Placid a 1980. Duk waɗannan lambobi an rubuta su ne da sunan Tarayyar Sobiyet, taken wata ƙasa ake busawa idan ya hau dandamali. Da Tikhonov ya koma CSKA a 1977, an tafi da Balderis can, ya yi shekara uku kafin ya samu ya dawo gida, kuma dangantakarsa da kocin ba ta yi daɗi ba. Ba a tafi da shi Olimfik na 1984 ba, alhali shekara guda kafin nan shi ya fi kowa maki a gasar cikin gida. Sai a 1989, yana ɗan shekara 36, Minnesota North Stars ta ɗauke shi zuwa NHL, babbar gasar Amurka da Kanada, ya buga wasa 26.

Mai tsaron ragar Dinamo a shekarar azurfa matashi ne mai suna Arturs Irbe. Ba shi da tsayi irin na sauran masu tsaron raga, amma yana da saurin gani da taurin zuciya. Ya ci kofin duniya da Sobiyet a 1989 da 1990. A watan Janairun 1991, bayan sojojin Sobiyet sun kashe fararen hula a Vilnius, babban birnin Lituweniya, mutanen Riga suka fito suka kafa shingaye da manyan motoci da gungumen itace domin kare majalisarsu, suna kwana a waje cikin sanyi suna jin ɗumin wuta. Irbe yana cikinsu. Ya kuma sanar cewa ba zai sake sa rigar Sobiyet ba. A lokacin babu wanda ke da tabbacin yadda al'amarin zai ƙare, kuma ɗan wasan da ya juya wa Mosko baya yana iya rasa komai. Wannan matakin, a ganin mai wannan rubutu, ya fi duk wata ƙwallo da ya taɓa tarewa daraja.

A watan Agustan 1991 Latbiya ta dawo ƙasa mai cin gashin kanta, a 1992 kuma aka sake karɓarta a IIHF. Rasha ce ta gaji kujerar Sobiyet a babban rukuni. Sauran ƙasashen da suka ɓalle aka ce su fara daga ƙasa. Da Balderis a matsayin koci, Latbiya ta shiga rukuni na uku a 1993 a Sulobeniya, inda ta ci Isra'ila 32 da nema, ta kuma lashe rukunin. Rukuni na biyu ya ci mata shekara uku. A 1996 ta haye, a 1997 kuma ta bayyana a babbar gasa a Finlan bayan shekara 58, ta yi kunnen doki 3 da 3 da Kanada, ta ƙare a matsayi na bakwai.

Tun daga ranar ba ta sake faɗawa ƙasa ba. Wannan ita ce bajintar da ba a cika ambata ba. A babbar gasa kowace shekara akwai masu sauka, kuma ƙasashen da suka fi Latbiya yawan jama'a da kuɗi, irin su Ostiriya da Italiya da Faransa da Kazakistan, duk sun ɗanɗana sauka da hawa. Har Jamus ta taɓa faɗuwa. Latbiya ta zauna daram.

A shekarun 1990 'ya'yanta sun fara suna a NHL. Irbe ya tsare wa San Jose Sharks raga a 1994 lokacin da ta fitar da Detroit, wadda kowa ke ganin ita za ta wuce, a 2002 kuma ya kai Carolina wasan ƙarshe na Kofin Stanley, kofin zakarun NHL. An san shi da tsofaffin kayan kariyarsa, waɗanda yake ɗinkewa da hannunsa idan sun yage. Sandis Ozolins, ɗan baya mai son kai hari, ya ɗaga Kofin Stanley da Colorado a 1996, ɗan Latbiya na farko da ya yi hakan. Sai dai samun 'yan wasa a NHL yana da nasa ciwon kai. A Olimfik na 2002 a Salt Lake City ƙungiyoyin NHL ba su saki 'yan wasan ƙananan ƙasashe domin zagayen farko ba. Ozolins wasa ɗaya ya samu ya buga, ya taimaka aka ci ƙwallo huɗu a wasan da suka tashi 6 da 6 da Sulobakiya, sannan ya koma bakin aikinsa.

Idan aka tambayi dattijon mai kallon hoki a Riga ranar da ba zai manta ba kafin 2023, da wuya ya wuce 5 ga Mayun 2000. Gasar duniya ce a Saint Petersburg, Rasha mai masaukin baƙi ta tara taurarinta na NHL, har da Pavel Bure da Alexei Yashin. Kwana ɗaya kafin wasan, Latbiya ta cika shekara 10 da ayyana maido da 'yancinta. Rashawa suka yi ta ruwan harbi, Irbe ya yi ta tarewa, aka tashi 3 da 2 Latbiya ke da nasara. A Riga mutane suka kwarara kan tituna da tutoci suna waƙa. Rasha ta ƙare ta 11 a gidanta. A 2003 Latbiya ta sake doke ta, 2 da 1.

A waɗannan shekaru ne magoya bayan ƙasar suka yi suna. Duk watan Mayu dubbansu kan cika motocin safa da jiragen ruwa su bi ƙungiyar duk inda gasar take, da ganguna da ƙahonni, su mayar da zauren wata ƙasa kamar na Riga. Suna da al'adar kai furanni ƙofar ofishin jakadancin ƙasar da suka doke. Ba kullum ne abin ke tafiya lafiya ba: a 2006, lokacin da Riga ta karɓi baƙuncin gasar duniya a sabon zauren Arena Riga mai ɗaukar mutum kimanin 10,000, Kanada ta ci su 11 da nema, 'yan kallo da suka fusata da alƙalin wasa suka yi ta jifa cikin fili har aka dakatar da wasa.

Akwai kuma rashe-rashen da suka girgiza wannan ƙaramar al'umma, inda kusan kowa ya san kowa. A watan Nuwamban 2004 Sergejs Zoltoks, wanda ya daɗe a NHL, ya yanke jiki ya faɗi ana dab da tashi daga wani wasa a Minsk, ciwon zuciya ya ɗauke shi yana ɗan shekara 31. A ranar 7 ga Satumban 2011 jirgin ƙungiyar Lokomotiv Yaroslavl ta Rasha ya faɗi jim kaɗan da tashinsa. Cikin mamatan akwai Karlis Skrastins, kyaftin ɗin Latbiya, wanda ya taɓa buga wasa 495 a jere a NHL ba tare da fashi ba, abin da a lokacin babu ɗan bayan da ya taɓa yi. Ƙungiyar ƙasa ta daina ba kowa lambar rigarsa.

A Olimfik na 2014 a Sochi, Ozolins mai shekara 41 ne ya riƙe tutar ƙasa. Kocin kuwa Ted Nolan ne, ɗan ƙabilar Ojibwe daga Kanada, wanda ya san yadda ake cusa wa waɗanda aka raina ƙarfin zuciya. Latbiya ta fitar da Suwizalan da ci 3 da 1, ta haɗu da Kanada a zagayen 'yan takwas. Nolan ya saka Kristers Gudlevskis a raga, ɗan shekara 21 da ke buga ƙananan gasanni a Amurka. Kanada ta yi harbi 57, yaron ya tare 55. Lauris Darzins ya sulale ta bayan masu tsaron baya ya farke ƙwallon farko, aka yi ta tafiya 1 da 1 har cikin zagaye na uku, sannan Shea Weber ya ci ta biyu. Akwai lokacin da Gudlevskis ya durƙusa kan ƙanƙara don gajiya sai da aka zo duba shi. Kanada ta wuce ta ci zinare, amma wasan da ya fi ba ta tsoro a gasar shi ne wannan. Shekara guda bayan haka magoya baya suka nuna ƙarfinsu ta intanet: suka tara wa Zemgus Girgensons na Buffalo ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da rabi, ya zarce duk taurarin NHL a zaɓen wasan gwanaye.

Nasara a kan Kanada a gasar duniya ta zo ne a watan Mayun 2021, a Riga, 2 da nema, a zauren da babu 'yan kallo saboda annobar korona. Matiss Kivlenieks ne a raga, kuma bai bari ko ɗaya ta shiga ba. Mako shida bayan haka, ranar 4 ga Yuli, tartsatsin wutar biki ya same shi a ƙirji a jihar Michigan ta Amurka, ya rasu yana ɗan shekara 24.

Mamayar da Rasha ta kai wa Yukiren a Fabrairun 2022 ta sauya abubuwa. Dinamo Riga, wadda aka farfaɗo da ita a 2008 take buga gasar KHL ta Rasha, ta janye cikin 'yan kwanaki. 'Yan wasan suka watsu zuwa ƙungiyoyin Cak da Suwidin da Suwizalan da Finlan. An kuma ƙwace wa Saint Petersburg baƙuncin gasar 2023, aka ba Tampere da Riga. Gaskiya ne cewa rashin Rasha a gasar ya buɗe ƙofa ga kowa. Amma duk ƙasashen sun ga ƙofar, kuma Latbiya sai da ta ture manya uku kafin ta shiga.

Farkon bai yi kyau ba. Kanada ta ci su 6 da nema a gaban jama'arsu, kuma tun cikin mintunan farko koci Harijs Vitolins, wanda kakansa mai suna irin nasa ya buga wa Dinamo ta farko, ya cire mai tsaron raga ya saka Arturs Silovs, ɗan shekara 22 da wasa biyar kacal ya taɓa bugawa a NHL. Washegari Sulobakiya ta ci su 2 da 1. Daga nan sai abin ya juya. Suka doke Cak 4 da 3 a ƙarin lokaci, suka kuma doke Nowe da Sulobeniya da Kazakistan, sannan a wasan da za su fita idan aka doke su kafin ƙarin lokaci, Rudolfs Balcers ya ci wa ƙasarsa ƙwallon nasara a kan Suwizalan. Ranar 25 ga Mayu, a Arena Riga, Suwidin mai kofin duniya 11 ta yi harbi fiye da 40, ɗaya kawai ta shiga. Latbiya ta ci uku, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe karo na farko a tarihinta.

A Tampere sun sake haɗuwa da Kanada, sun shiga gaba sau biyu, amma aka tashi 4 da 2. Saura wasan neman na uku da Amurka, wadda ta lashe dukkan wasanninta bakwai na rukuni. Zauren na Finlan ya cika da jajayen riguna. Amurka tana gaba 3 da 2, saura ƙasa da minti shida, sai ɗan baya Kristians Rubins ya farke. Da aka shiga ƙarin lokaci, cikin minti ɗaya da daƙiƙa 22, kyaftin Kaspars Daugavins ya kutsa da ƙwallo, ta faɗo gaban Rubins, ya sake ɗirka ta a raga. Aka zaɓi Silovs gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya. Irbe, wanda ya tsaya a shingayen 1991, yana cikin masu horar da wannan ƙungiya, shi ke kula da masu tsaron raga.

Tagullar ba ta mayar da Latbiya babbar ƙasar hoki ba. Har yanzu yaranta masu hazaƙa kan bar gida tun suna 'yan shekara 15 ko 16 su tafi Suwidin ko Finlan ko Kanada neman gasa mai ƙarfi, kayan wasa suna da tsada ga iyaye, kuma raunin mutum biyu ko uku ya isa ya karya ƙungiyar a kowace shekara. Amma masu tasowa sun nuna ba a banza suka kalli wasan Tampere ba. A watan Satumban 2024 manyan suka samu gurbin Olimfik na 2026 a gaban jama'arsu a Riga. Ranar 27 ga Disamban shekarar kuma, a Ottawa, babban birnin Kanada, 'yan ƙasa da shekara 20 na Latbiya suka doke masu masaukin baƙi 3 da 2 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Mai tsaron ragarsu, Linards Feldbergs, ya tare harbi 55 a wasan, sannan ya tare dukkan bugu takwas da aka yi masa a ƙarshe.